Hannun Kawu da Mudun Silba

Daga Allah muka zo, can kuma ake komawa ɗaya bayan ɗaya, bana kira ya zo kan Kawu. Da hantsi aka kai shi makwancinsa, kafin azahar an dawo an baje tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin dabinon nan da ya hana a sare lokacin da aka zo faɗaɗa titi.

Ni na kasa zama. In na zauna na amsa gaisuwa biyu, sai in ji ƙafata tana neman hanya. In miƙe in leƙa zaure, in dawo, in je in duba randar ruwa wadda ba aikina ba ce. Tsofai-tsofai da ni, har sai da liman ya kama gefen rigata ya ce, "Malam, zauna mana, kai ma ai mai karɓar gaisuwa ne."

Mutane sun zo. Maƙeran ƙauyenmu sun zo a bayan akori-kura, direbobin tasha sun zo, wani tsohon Bafulatani ya taho tun daga wajen Buji, ya zauna, sai da zai tashi ya ce, "To, yanzu wa zai yi mini faɗa in na kawo garwa a ɓule?" A cikin gida kuwa, Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka ba a ranar. Aikowa ta yi a tambaye ni ko an tuna an rufe tukunyar gas a shago, don ta san da yana nan da ya tambaya.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, duk wanda ya durƙusa sai ya ce, "Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri." Na san al'ada ce, haka ake faɗa wa kowane mamaci. Amma Kawu ba shi da haƙuri, kuma in muka bar shi a haka, nan da 'yan shekaru jikokinsa za su ɗauka wani tsoho ne mai sanyi da ke wuni a kan buzu. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da karatuna bai yi nisa ba, in rubuta shi yadda yake, musamman shekarar da muka so raba shi da aikinsa shi kuma ya ƙi.

Ƙanin mahaifiyata ne. A hannunsa na tashi a maƙerar ƙauye, ina zuga yana dukan ƙarfe. Bai taɓa kiran sunana ba, "ɗan Yaya" yake ce mini, har na yi furfura na aurar da 'ya'ya. Da aka yi jiha Dutse ta zama babban birni, sai ya ce lauje da fartanya sun ishe shi, ya kwaso ni muka taho. Lokacin ko'ina gini ake yi tsakanin duwatsu, kowa yana son get da ƙofa da tagar ƙarfe. Mutumin da ya haura hamsin ya tsuguna gaban samarin da suka zo daga Kano yana koyon waldar lantarki, suna yi masa dariya, yana yi musu faɗa a kan yadda suke riƙe guduma.

Ba ya cin abinci a zaune. Dabino yake zubawa a aljihu, yana aiki yana jefawa a baki, ƙwallon kuma ya tofa duk inda ya ga dama. In ka gaishe shi da tsawo sai ya ce, "Lafiya lau, me ya karye?" Amma in gurgu ya turo kekensa bakin shago, komai Kawu yake yi zai ajiye. Na tuna wani Alhaji da ya zo karɓar get ɗinsa, ya tarar an bar nasa an koma kan keken. Ya ce, "Malam, ni fa na riga shi zuwa."

Kawu bai ɗago ba ya ce, "Alhaji, get ɗinka yana da inda za shi ne yau? Wannan yana da inda za shi."

Injin da zan yi magana a kansa, a gwanjo ya saye shi wajen wani kamfani da ya gama aikinsa zai tashi. Ba irin injin sandar walda da kowa ya sani ba ne. Wannan da iskar argon yake aiki, kuma a bakinsa akwai wani tsinke da ba ya narkewa, wutarsa siririya ce mai tsabta, ba feshi ba hayaƙi. Da shi ake haɗa farin ƙarfen nan marar tsatsa da muke kira silba, wanda in ka kusance shi da sandar walda sai ya ɓule kamar takarda. A duk layinmu mu kaɗai ke da shi, gas ɗin ma sai an je Kano ake samowa. A jikin injin akwai wani ɗan abin murzawa da aka zana wa hoton agogo. Shekaru muka yi ba wanda ya taɓa shi. Mu a wajenmu gwanin walda shi ne wanda yatsansa ya san lokacin da zai saki wuta, ba mu ga abin da agogo zai ƙara mana ba.

Sai hannun Kawu ya fara rawa. Da farko shayi ne yake zuba a rigarsa, yana cewa kofin ne ba shi da kyau. Daga baya abin ya kai ga aiki. Riƙewa ba ta gagare shi ba sosai, don yakan jingina gwiwar hannu a kan benci. Sakin ne ya gagara. Sai ya danna, wuta ta kama, idonsa ya ga lokaci ya yi, yatsan kuma ya ƙi tashi. Kafin ya tashi ƙarfe ya ɓule. Ran da abin ya yi muni, narkakken ƙarfe ya ɗiga masa a ƙafa, ya cinye takalmi ya shiga nama, sai da aka yi makonni ana wankin ciwon a asibiti.

Babban ɗansa, wato taubashina, ma'aikaci ne a sakatariya, kuma mutum ne mai tausayin ubansa. Shi ya yi ta jigilarsa asibiti a kan babur. Da ƙafa ta warke ya same ni ya ce, "Kai da kake tare da shi kullum, sai ka jira ya ƙone gaba ɗaya tukuna? Ko gadon shagon kake jira?"

Na ce, "Da gado nake jira ai da kai zan fara kawarwa."

Muka yi dariya, amma na san gaskiya ya faɗa, kuma na bi bayansa. Muka haɗu da Inna, mu uku, muka ce Kawu ya huta haka, ya zauna a gida, ni in riƙe shago. Ya saurare mu yana tsaye, yana tauna dabino. Da muka gama ya ce, "In zauna in yi me? In ƙirga kajin Inna?" Ya sa hularsa ya fita.

A daidai wannan lokaci ne aka shigo da shari'a, kuma wa'azi ya yi yawa a kan tauye mudu. A kasuwannin hatsi kowa ya san yadda abin yake. Ma'auni yana da mudun da yake saye da shi wajen manomi, mai zurfin gindi, yana da wanda yake sayarwa da shi, wanda aka ɗan daki gindinsa ya shiga ciki. Dattawan wata kasuwa ta wajen Ringim suka yi shawara a yi musu mudaye iri ɗaya, na silba mai tauri wanda duka zai nuna a jikinsa, a raba wa ma'auna, a ajiye ɗaya wajen Sarkin kasuwa don gwaji. Da suka tambaya aka ce musu a Dutse akwai tsoho mai injin silba.

Na so in amsa musu ni, Kawu ya riga ni. Ya ce zai yi, da hannunsa.

Da suka tafi na ce, "Kawu, wannan ba get ba ne. In wuta ta daɗe a wuri ɗaya gindin zai kumbura, in ya kumbura awo ya canza. Alhakin mutane ne fa."

Ya ce, "Ɗan Yaya, ni za ka karanta wa surar masu tauye mudu? Kafin a haife ka na haddace ta."

Taubashina da ya ji labari bai yi faɗa ba. Zuwa ya yi shago da rigar ofis, ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, tunda ka amsa, ba zan sa ka saɓa magana ba. Amma mu yi alkawari. In aka gwada aka samu ko ɗaya ya bambanta da sauran, ka ajiye aikin nan ka dawo gida."

Kawu ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, wanda ke rawa a kan cinyarsa. Sannan ya ce, "Na yarda. Ɗan Yaya ne shaida."

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganinsa cikin irin su ba. Bai taɓa fallen silbar da za a yi aikin da shi ba. Guntaye yake tsintowa a ƙasa yana gwadawa, yana ɓulawa, yana jefarwa. In ya ɓula sai ya miƙe ya zaga shagon, ya yi wa mai shayin da ke kusa da mu faɗa a kan hayaƙi, ya dawo ya sake. Inna ta ce ko a gida ba ya zama, daga zaure zuwa tsakar gida, yana magana shi kaɗai. Gas ya ƙare a banza. Ya ce shi zai je Kano da kansa ya cika, na ce zan je, ya ce in zauna in kula da ƙofofin mutane.

Ya dawo da la'asar, tun kafin a sauke tukunyar daga mota ya wuce wajen injin ya ɗora yatsa a kan abin nan mai hoton agogo. Ashe mai sayar mana da gas ya ga yadda hannunsa yake, ya tambaye shi ko injinmu yana da taima. Ya gaya masa amfaninsa. Sai ka murza shi ka sa iya tsawon lokacin da kake so wuta ta yi. Ka dafa bakin waldar a kan ƙarfe, ka danna, wuta ta kama, lokaci na cika ta ɗauke da kanta, ko da yatsanka yana nan a danne. Kowane ɗigo zafinsa ɗaya da na ɗan'uwansa.

Kawu ya murza, ya gwada a guntu, ya ɓule. Ya rage, ya gwada, bai kama ba. Ya ɗan ƙara. Wuta ta yi walƙiya ta mutu, ya ɗaga gilashin fuskarsa muka leƙa. Ɗigo ne ƙarami kamar ƙwayar dawa, fari tas, bayan fallen ko canza launi bai yi sosai ba. Ya sake, ya sake, ya jera su a layi. Hannunsa yana rawa kamar kullum, ɗigon kuma kamar da ma'auni aka ajiye su.

Ya ce, "Shekara nawa abin nan yana kallonmu muna kallonsa?"

Ya sa kafinta ya sassaƙa masa kututture daidai cikin mudu. Sai ya naɗa fallen a jikinsa, ya ɗaure, ya kifa gindin a sama, ya bi shi da ɗigo, nan ɗaya, can ɗaya a ɗaya gefen, don kada zafi ya taru wuri guda, har ya zagayo ɗigon ya haɗe. Maƙwabtanmu masu walda suka riƙa zuwa kallo. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, ashe yanzu inji ke gaya maka lokacin tashi? Wannan ai aikin ragwaye ne."

Kawu ya ce, "Kai ma ladan ke gaya maka lokacin tashi, ban ji ka kira kanka rago ba. Matsa, ka tare mini haske."

Ni kaina na ji abin wani iri, ganin mutumin da ya koya mini sanin ƙarfe da ido yana jiran ɗan agogo. Amma na lura tun daga ranar ya daina zagaya shago, ya koma tofar da ƙwallon dabino.

Ana tsakiyar aiki wani dillalin hatsi daga kasuwar nan ya zo, da babbar riga da turare. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yaba aiki, ya ɗauki mudu ɗaya yana juyawa. Can ya rage murya ya ce, "Malam, ka san sana'a sai da ɗan numfashi. Cikin waɗanda za a ba yarana, ka ɗan bar wutar ta daɗe a gindi, ya ɗan shiga ciki kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Ko an gane ma, kowa ya san hannunka yana rawa. Wa zai kama tsoho da laifi?"

Ina jin haka na ajiye abin da ke hannuna, don na san halin Kawu, na zaci guduma zai ɗauka. Sai ya kama hannun dillalin ya ja shi gaban injin ya nuna masa agogon. Ya ce, "Alhaji, ka makara. Da bara ka zo, da sai mu ce hannuna ne. Wannan ba ya rawa. In gindi ya shiga, ni na sa shi, kuma ni za a tambaya." Ya karɓe mudun daga hannunsa ya goge da gefen riga, ya ce, "A gaida gida."

Da aka gama, ranar kasuwa muka ɗaure su a buhu muka shiga mota, ni da Kawu da taubashina, wanda ya nemi izini a ofis don ya gani da idonsa. Hanyar ta Taura ce, har muka isa buhun yana tsakanin ƙafafun Kawu, ya ƙi yarda a ɗora shi a sama.

A rumfar Sarkin kasuwa aka shimfiɗa tabarma aka juye gero. Ma'auna suka kewaye, manoman da suka kawo kaya suka tsaya a baya suna leƙe. Wani dattijon ma'auni ya ɗauki mudu na farko ya cika shi har ya yi tsororo, gero yana gangarowa, sannan ya juye a na biyu a hankali. Ya cika daidai, tsororon ya tsaya. Ya juye a na uku. Haka aka yi ta yi, mutane suna cewa "Madalla" ƙasa-ƙasa. Kawu yana tsaye, an ba shi kujera ya ƙi.

An kusa ƙarewa, dattijon ya juye a wani, tsororo ya tashi, sai gero ya gangaro ya zube a tabarma. Ba shi da yawa, bai fi a rufe da tafin hannu ba. Dattijon ya ce, "Wataƙila ni ne na yi sauri." Ya sake. Ya sake zubewa.

Sarkin kasuwa ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne, Malam, ko iska ma ta ɗebi fiye da haka." Ni kuma na ce a ranar da aka yi wannan mudun, wutar lantarki ta yi ta raguwa, mai yiwuwa ita ce.

Kawu ya miƙa hannu aka ba shi mudun. Ya zubar da geron, ya kifa shi, ya bi ɗigon da babban yatsa har ya tsaya a wuri ɗaya da ya fi sauran duhu. Ya ce, "Ba wuta ba ce, ba kuma agogon ba ne. Sau biyu na danna a nan. Yatsana ne ya koma ban sani ba."

Ya tambayi ko akwai mai guduma. Wani mai gyaran amalanke ya kawo. Kawu ya ɗora mudun a kan dutse, ya kama gudumar da hannu biyu, ya yi ta dukansa har ya baje kamar faranti, don kada wani ya tsince shi ya auna wa mutane da shi. Ya ce wa Sarkin kasuwa za a kawo madadinsa. Sannan ya juya wajen ɗansa, yana haki, ya ce, "To. Na yi alkawari, ga shaida nan tsaye. Ɗaya ya bambanta."

Ban san inda zan sa idona ba. Abin da muka nema ke nan, ga shi ya samu, amma ji na yi kamar in bar rumfar.

Taubashina ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen da aka baje, ya juya shi gaba da baya, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Baba, alkawarinmu a kan mudu ne. Ni ban ga mudu a nan ba, wani lotsattsen ƙarfe na gani." Ya miƙo mini ya ce, "Kai shaida, ka ga mudu?"

Na ce, "Ko kaza ba za a auna wa tsaba da wannan ba."

Kawu ya dube shi, ya dube ni. Leɓensa ya motsa kamar zai yi faɗa. Sai ya ce, "Ku biyun nan idonku ya fi hannuna lalacewa." Ya sa hannu a aljihu ya ɗebo dabino, ya ba ɗansa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya ce, "Ku tashi mu nemi mota, akwai madadin da zan yi wa mutane."

Washegari ya riga ni zuwa shago. Daga nan bai sake taɓa babban aiki ba, get da ƙofa ya bar mini, shi kuma ya zauna da silbarsa da agogonsa, yana ɗiga mudaye da garewani da murafan tukwane. Kasuwanni biyu suka aiko a yi musu irin na farkon. In ya gama kowane ɗigo yakan ɗauke hannunsa gaba ɗaya ya ɗora a gwiwa kafin ya sake dannawa, kuma bai ƙara yarda mudu ya bar shagon ba sai ya juye gero a cikinsa da kansa. Haka ya yi har daminar bana, ana sauran mako guda ya kwanta ciwon ajali, yana kan bencinsa yana yi wa mai shayi faɗa.

Allah Ka san bawanka bai iya zama ba, bai iya lallashi ba, amma ya ji tsoron haƙƙin mutane ko na tafin hannu ne. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yafe mana namu, Ka cika masa nasa awon da rahamarka. Amin.